Maɗacin Tsibirin Cibiya

A zamanin da Sarki Nabara yake riƙe da Dagaza, duk wanda ya hau ganuwar birnin ya dubi arewa, tafki zai fara gani, a tsakiyar tafkin kuma wani ɗan dunƙulen duhu kamar an kife ƙwarya a kan ruwa. Shi ne Tsibirin Cibiya. Ba wani girma gare shi ba, mai sauri zai zagaye shi kafin tukunya ta tafasa, amma itatuwa sun cika shi har rana ba ta samun ƙasarsa sai da dabara. Kanya da tsamiya da ɓaure da marke da maɗaci, kowanne ya jingina da ɗan'uwansa. Belbela da zalɓe suna sheƙa a sama, a ƙasa kuwa ganye ne ya ruɓe a kan ganye tun kaka da kakanni, mutum yana tafiya ba ya jin sawunsa.

Babu itace ɗaya a wurin da ya fito don kansa. Tsofaffi sun ce uwar mutanen Dagaza ta farko a tsibirin ta haihu tana gudun yaƙi, ta binne cibiyar jaririn, ta tura ƙwallon kanya a kai don kada wurin ya ɓace mata. Tun daga nan duk ɗan da aka haifa a gidan Sarki ko na masu sarautarsa, ubansa zai haye ruwa da cibiyarsa ya binne, ya dasa itace a kai. In mutum ya mutu, sai a ɗaura wa itacensa farin ƙyalle a bar shi tsaye. Gatari ba ya hawa tsibirin sai don abu guda, wato in ɗan Dagaza ya ci amanar gari. Sai a sare itacensa, kuma hannun da ya dasa shi ne zai sare.

Mai kula da tafkin da tsibirin shi ne Sarkin Ruwa Maƙau, wani dogon tsoho mai ƙarancin magana, wanda gorar tuƙi ta cinye masa tafin hannu. Ɗa ɗaya Allah ya ba shi, Anaruwa, wanda aka haifa ana tsuga ruwan sama, uwarsa kuma ta rasu kafin ranar suna. Da yake ɗan fari ne, Maƙau bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa yabonsa a gaban mutane ba, sai dai ya ce "yaron nan" yana kallon gefe. Haka kunya ta gada, kuma Maƙau ya riƙe ta fiye da kowa. Amma duk wanda ya ga yadda yake tsayawa a gindin maɗacin da ya dasa wa yaron, yana shafa ɓawonsa in ya ɗauka babu mai kallo, ya san inda ransa yake.

Maɗacin nan ya zarce duk itatuwan tsibirin tsawo, kuma akwai sirri a tattare da shi. Arewacin tafkin duk kacala ce, doguwar ciyawar ruwa, da taɓo mai haɗiye mutum har wuya, sai mashiga guda siririya da jirgi zai iya bi. Mai zuwa daga arewa, in ya daidaita kan maɗacin da tsagar dutsen da ke bayan birni, ya riƙe su a haka, zai fito lafiya. In ya kauce, ya shiga laka. Wannan alama Sarkin Ruwa ne kaɗai ke saninta, sai magajinsa, kuma da rantsuwa ake karɓarta. Ita ta hana mutanen Garwai, tsofaffin abokan gaban Dagaza, shigowa ta ruwa shekara da shekaru.

A bazarar wannan shekara mayaƙan Garwai suka faɗa wa ƙauyukan masunta na bakin tafkin, suka kwashe mata da yara. Da ruwan farko ya sauka, Anaruwa ya nemi izinin Sarki ya je ya gano inda aka ajiye su, ya yi alkawarin dawowa kafin a gama noman fari. Aka gama noman fari, aka yi maimai, gero ya fid da kai, babu shi babu labarinsa. Sai ga wani babban reshe na kanyar farko, ta uwar gari, ya karye da rana tsaka ba iska ba hadari. Kafin la'asar fadawa sun gama fassara abin, har waɗanda ba su taɓa taka tsibirin ba.

Washegari aka buga tambari, majalisa ta cika. Galadima Cindo ya fara magana, mutumin da ya daɗe yana son jiragen Dagaza su dawo ƙarƙashin hannunsa, ya kuma daɗe yana jin haushin a ce akwai abin da wani ya sani a ƙasar shi bai sani ba.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Zaki mai Dagaza. Kakanninmu ba su karya reshe don wasa. Sun ga abin da mu muke rufe ido a kai. Ga wani falke nan ya fito daga Garwai, a bar shi ya faɗi abin da ya gani."

Falken ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga ɗan Sarkin Ruwa a fadar Garwai. Sarkinsu ya sa masa riga da hannunsa. An ba shi gida a bakin ruwa, an ba shi jirage yana koya wa samarinsu tuƙi. Wallahi idona ne ya gani, ba ji na yi ba."

Sai Magajiya Ladingo, yayar Sarki, wadda ita ta goyi Anaruwa bayan rasuwar uwarsa, ta gyara zama a bayan labulenta ta ce, "Zaki, wanda ya je leƙen asiri ai ba zai ƙi rigar mai gida ba. Falke ya ga riga, bai ga dalilin sa ta ba. Na san yaron nan tun yana bayana. Sarkin Ruwa, kana zaune! Ɗanka ake magana, ka buɗe baki mana."

Duk idanu suka koma kan Maƙau. Maganganu cike da bakinsa, ya san ranar da yaron ya faɗa ruwa ya fizgo ɗan wani daga bakin kada, ya san bai taɓa yi masa ƙarya ba. Amma ya tsaya a gaban manyan ƙasa yana yabon ɗan farinsa? Harshensa ya ƙi ɗaguwa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranki ya daɗe, yaron na Sarki ne. Abin da Sarki ya gani shi ne daidai."

Magajiya ta buga tsaki wanda har na ƙofar zaure suka ji.

Galadima ya yi murmushi ya ce, "Ni ba na son a sare itacen kowa. Ga hanya mai sauƙi. Yaron ya san mashigar arewa. Sarkin Ruwa ya faɗa wa majalisa inda take, mu zuba dakaru a bakinta, itace ya zauna a tsaye har gaskiya ta fito."

Maƙau ya ɗago ya dube shi. Gidan Galadima cike yake da surukai da barori 'yan Garwai, maganar da aka yi a zaurensa da safe takan yi la'asar a kasuwarsu, kowa kuma ya san haka sai shi Galadiman. Maƙau ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Na karɓi mashigar nan daga ubana da rantsuwa a gindin kanyar farko. Ba ta fita bakina sai zuwa kunnen magaji. Ko Zaki da kansa, kakansa ne ya hana a faɗa masa."

Sarki Nabara ya daɗe yana jan gemunsa. Ba azzalumi ba ne, mutum ne mai tsoron a ce ya yi sakaci, irin wannan tsoro kuwa ya hallaka mutane fiye da zalunci. Daga ƙarshe ya ce, "Sarkin Ruwa ya riƙe rantsuwarsa, mu kuma za mu riƙe al'adarmu. Wanda ya sa rigar Garwai ya cire ta Dagaza. Gobe da hantsi a kai gatari tsibiri. Sarkin Baka Jatau ya kwashi maharbansa su zauna a can da ƙananan jirage, su sa ido a arewa."

Da hantsi Maƙau ya sauko bakin ruwa da gatari a kafaɗa, ya tarar da Magajiya tana jiransa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kori kuyanginta gefe ta ce, "Maƙau, ba fada muke ba yanzu. Ka je ka faɗi gaban ƙanena ka roƙe shi, ni zan tsaya maka. Ko kuwa kai ma ka yarda da maganar falke?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, in yaron ya sayar da mu, itacen nan ya fi dakarun Garwai duka haɗari. Ba zan iya faɗa miki dalili ba. In kuwa bai sayar ba..."

Bai ƙarasa ba. Ta dube shi ta dube shi, sannan ta ja mayafinta ta juya.

A nan ne abin baƙin cikin yake, kuma gara a faɗe shi a fili. Ba umarnin Sarki ne ya ɗaga gatarin nan ba, ba kuma makircin Galadima ba. Da Maƙau ya tabbata da ɗansa, da ya jefa gatarin a tafki ya miƙa wuyansa. Wani ɗan kokwanto ne ya shige shi tun da ya ji zancen koya wa samarin Garwai tuƙi. Ya auna ɗansa da garin gaba ɗaya, da matan da ke wanki a bakin ruwa, da yaran da ke tsinkar bado, sai ya ji tsoro. In yaron ya zo da maƙiya, maɗacin ne zai buɗe musu ƙofa.

Sara na farko, tsuntsayen tsibirin suka tashi gaba ɗaya suna kuka. Ɓawon ya tsage, jan ruwa ya biyo gatari. Maharban Sarkin Baka suka juya baya, don babu wanda yake son ya ce ya gani. Tsohon ya yi ta sara shi kaɗai, hannunsa ya fashe, bai yarda kowa ya karɓe shi ba. Rana ta karkata kafin itacen ya yi ƙara ya kwanta, ya karya rassan maƙwabtansa. Hasken rana ya faɗo ƙasar da ta manta da shi. Maƙau ya zauna a kan kututturen, daga ranar kuma bai koma birni ba.

Ana nan, ran wata safiya ta ƙarshen damina, yayyafi na sauka, sararin tafkin ya yi fari-fari, sai mai gadi ya yi ihu daga kan tsamiya. Jirage sun ɓullo daga arewa. Maƙau ya fito bakin tsibirin ya kare ido da hannu. Ko a cikin dubu ya san tuƙin na gaba, na Anaruwa ne, don shi ya koya masa yadda ake jingina da gora. A bayan ƙananan jiragen kuma ga manyan jiragen yaƙin Garwai, baƙaƙe, cike da mayaƙa.

Sarkin Baka ya ce, "Ga shi nan ya kawo su! Galadima ya yi gaskiya."

Maƙau ya ƙura wa jiragen ido. Sai iska ta juyo ta kawo musu sauti, kukan mata ne da na yara. Sannan suka ga kibau suna tashi daga jiragen baya suna sauka a kan na gaba. Ba jagora Anaruwa yake yi wa mutanen Garwai ba, korarsa suke. Rigar da gidan da koyar da tuƙin, duk don a sakar masa jirage ne, ya kuwa kwaso mutanen Dagaza da aka kama ya gudo da su.

Maƙau ya ga ɗansa ya miƙe a kan jirgi yana duban tsibirin, yana neman alama. Akwai wani maɗaci a gabashin tsibirin, na Galadima Cindo, wanda dā ba a ganinsa daga arewa don na Anaruwa ya fi shi. Yanzu shi ne ya fi kowane tsawo. A cikin yayyafin nan, daga nesa, maɗaci maɗaci ne. Anaruwa ya daidaita shi da tsagar dutse, ya karkata gabas, sauran jiragen suka bi shi.

Tsohon ya shiga ruwa har gwiwa yana ɗaga hannu yana ihu, "Yamma! Ka yi yamma!" Iska ta mayar masa da muryarsa. Jirgin farko ya cake a laka, na biyu ya hau kansa.

Mutanen Garwai suka yi kururuwa, suka ɗauka mashigar ce aka nuna musu, suka danno da ƙarfinsu. Manyan jiragensu sun fi nauyi, suka nutse a taɓo har baki, masu sulken lifidi da suka yi tsalle suka sauka, laka ta riƙe su a ƙugu. Amma bakansu na hannunsu, kuma mata da yara na gabansu a fili.

Maƙau ya fizgi gora ya ce wa Sarkin Baka, "Ku biyo bayana, kada jirgi ya kauce daga sawun nawa." Ba shi da alama yanzu, don daga kudu yake tafiya, alamar ma shi ya kashe ta. Da gora ya riƙa jin ƙasa, inda ta yi tauri ya bi, inda ta yi laushi ya kauce. Mashigar ta bi ta yammacin inda ɗansa ya maƙale, Maƙau yana hango shi tsaye a laka har ƙirji, shi da masu ƙarfi daga cikin waɗanda ya kwaso, suna tura jiragen matan ɗaya bayan ɗaya zuwa cikin kacala inda kibiya ba ta gani. Zuciyarsa ta ce ya juya wurinsa. Bai juya ba, sai da ya kai maharban bayan jiragen Garwai.

Abin da ya biyo baya ba yaƙi ba ne, yanka ne. Mutumin da laka ta riƙe ba ya iya juyawa. Maharban Dagaza suka yi ta zuba musu kibau daga baya har kwarinsu ya ƙare, suka koma tsintar na maƙiya. Kafin yayyafin ya ɗauke, rundunar ruwan Garwai ta ƙare a wurin, har da ɗan sarkinsu da ya jagorance ta.

Maƙau ya kutsa cikin kacala ya sami ɗansa an jingina shi a gefen jirgi, kibiya a ƙarƙashin haƙarƙarinsa, wata a wuya. Wata mata daga cikin waɗanda ya kuɓutar tana riƙe da kansa. Har yanzu rigar Garwai ce a jikinsa, laka ta rufe adonta.

Anaruwa ya buɗe ido ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Na ɓata hanya. Na riƙe itacena da tsagar dutse yadda ka koya mini, ban san inda na kauce ba. Na kusa hallaka mutanen nan."

Tsohon ya durƙusa a cikin ruwan, ya karɓi kan daga hannun matar. Ya ce, "Ba ka ɓata ba. Ba ka taɓa ɓata ba, Anaruwa."

Yaron ya dube shi da mamaki, har ya ɗan yi murmushi. Ya ce, "Baba, yau ka kira sunana." Ya juya ido wajen tsibirin yana neman wani abu a saman itatuwa, yana cikin nema rai ya yi halinsa.

A birni kuwa tambura suka yi ta tashi. Da majalisa ta zauna, Galadima Cindo ne ya fi kowa murya, yana cewa tun farko shi ya ga amfanin zuba maharba a tsibiri. Sarkin Baka ya ba da labarin yadda maƙiya suka bi alamar ƙarya suka faɗa taɓo, a nan ne fada ta gane abin da maɗacin yake. Maroƙa suka kama yi wa Maƙau kirari, mai hangen nesa, wanda ya ci Garwai da gatari guda. Shi yana zaune a wurinsa, laka ta bushe a ƙafarsa, kamar da wani ake.

Sarki Nabara ya ɗaga hannu aka yi shiru. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Sarkin Ruwa, mun zalunci ɗanka, kuma da zaluncin ne Allah ya tsare garin nan. Na wanke sunansa a gaban kowa. Ka zaɓi wurin da ya fi kyau a tsibirin, ko kusa da kanyar farko ne, ni da hannuna zan dasa masa wani maɗacin."

Maƙau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Zaki. A kan me za a dasa shi? Cibiya ɗaya yaron ya zo da ita, tana ƙarƙashin wanda na sare." Ya tuɓe rawanin sarautar ruwa ya ajiye a gaban Sarki. "Mashigar arewa ba ta da alama yanzu, ba ta da magaji. Ku ba wanda kuka ga dama."

Babu wanda ya tsayar da shi. A bakin ruwa ya sake tarar da Magajiya, ta miƙa masa farin ƙyalle, ta shiga jirgin ta zauna. Ya tuƙa su suka haye.

Sun sami kututturen a tsakiyar fili, rana na dukansa, jan ruwan ya bushe ya yi baƙi. Ƙyallen da ake ɗaura wa mamaci a kan ɗaga shi sama ne, daidai inda hannun mutum ya kai, don a hango shi daga ruwa. Maƙau ya ɗaga hannu da ƙyallen bisa sabo, ya tsaya haka hannunsa a sama babu abin da zai kama. Sannan ya durƙusa ya ɗaura shi a ƙasa, daf da saiwa, ya kifa goshinsa a kan saran gatarinsa, yana kiran sunan a hankali, yana sake kira.